Yadda Ake Gane Shekaru da Asalin Tsohon Jirgin Ruwa Daga Lambar Jikinsa

Shekarun baya wani aminina ya ja ni Legas in taya shi duba wani jirgin ruwa na faiba, wato zaren gilashi da aka daskarar da roba, da aka shigo da shi daga Amurka. Tsawonsa ƙafa goma sha tara, an fesa masa sabon fenti fari fat, an sake wa kujerun leda, sai ƙyalli yake a rana. Dillalin ya miƙo takarda, a jiki an rubuta 1997. "Alhaji, wannan ko ruwan gishiri bai taɓa shiga ba," in ji shi. Na zagaya baya, na durƙusa ta gefen dama, na goge ƙura da bakin rigata. Lambar tana nan, fenti ya kusa cike ta, amma ƙarshenta ya fito sarai: M79H. Jirgin na watan Maris ɗin 1979 ne. Wani ya juya 79 ta koma 97 a takarda, ko da gangan ko bisa kuskure, Allah masani, shekara goma sha takwas suka salwanta a tsakanin. A lokacin aminin nawa har ya sa hannu aljihu zai ba da kafin alƙalami.

Duk wanda ya taɓa sayen motar gwanjo ya san lambar shasi. Jirgin ruwa ma yana da tasa, Amurkawa suna taƙaita sunanta da HIN. Dokar kiyaye lafiyar jiragen ruwa da majalisar Amurka ta yi a 1971 ce ta haifar da ita, kuma daga ranar 1 ga Nuwamba 1972 duk ƙaramin jirgin shaƙatawa da aka ƙera a ƙasar, ko aka shigar da shi don sayarwa, dole ya ɗauki wannan lamba a jikinsa. Kanada ta bi sahu daga Agustan 1981. Tun da da yawa daga cikin tsofaffin jiragen faiba da na alminiyon da ke yawo a kasuwar gwanjo ta duniya daga Amurka suka fito, tsarinta shi ne ya fi dacewa mutum ya laƙanta. Kwalekwalen katako da masassaƙanmu ke haɗawa a Yawuri ko bakin Tafkin Chadi ba ya cikin wannan lissafi. Shi asalinsa a bakin mutane yake, ka tambayi wanda ya sassaƙa shi. Maganarmu a nan ta jirgin kamfani ce.

Inda za ka neme ta

Ka tsaya a bayan jirgin kana fuskantar gabansa. Bangon bayan nan da ake rataya inji a jiki, shi za ka duba, ta waje, a kusurwar sama ta hannun damanka. Doka ta ce kada lambar ta wuce inci biyu daga saman bangon, ko daga inda gangar jirgin, wato jikinsa da ke zama a ruwa, ta haɗu da rufinsa, duk wanda ya fi ƙasa. Tsayin kowane harafi ba ya gaza kwatan inci, wato ƙanana ne, wanda bai san da su ba zai wuce bai gani ba. Jirgin da ba shi da bangon baya, irin mai tsini gaba da baya, ana sa masa ita a gefen dama cikin ƙafa ɗaya daga ƙarshensa. Mai ganga biyu kuwa, ka duba sandar baya da ta haɗa gangunan, kusa da ta dama.

Akwai lambobin da ke ruɗar mutane, gara a kawar da su tun yanzu. Manyan haruffan da ake mannawa a gaban jirgi hagu da dama, kamar FL 1234 AB, lambar rajistar jiha ce, tamkar lambar mota, tana canzawa idan jirgi ya koma wata jiha. Ba za ta faɗa maka shekara ba, amma kada ka raina ta, don tana nuna inda jirgin ya zauna. FL Fulorida ce, kuma jirgin Fulorida sai ka zargi ruwan gishiri har sai an tabbatar maka da akasin haka. Wasu jihohin haruffansu ba su bi waɗanda gidan wayar Amurka ke taƙaita sunayensu da su ba: Kalifoniya CF ce, Mishigan MC, Masacusets MS, Wiskonsin WS, Washinton WN. Ko an ɓamɓare haruffan, sau da yawa inuwarsu tana nan a jikin faiba, domin rana ta ci kewayensu ta bar ƙarƙashinsu. Manyan jiragen da aka yi wa rajistar tarayya kuma suna da wata lamba a ciki da ke farawa da NO., ita ma daban take.

Fito da ita fili

Nan ne aikin haƙuri yake. A jirgin faiba, kamfanoni da yawa suna manna lambar ne a juye cikin mazubin da ake zuba gangar, don haka idan jirgi ya fito sai ka ga haruffan a nutse cikin fatarsa, da ɗan zanen murabba'i kewaye da su. Bayan shekara talatin na rana da goge-goge da fenti hawa-hawa, ramin haruffan yakan kusa shafewa. A jirgin alminiyon kuwa ko dai an buga ta kai tsaye a ƙarfen, ko an kafe ɗan allon ƙarfe mai ɗauke da ita.

Ka wanke wurin da ruwa da sabulu tukuna. Kada ka kuskura ka sa sanfefa ko wuƙa. Abin da kake nema siriri ne, goga biyu ta isa ta tafi da shi har abada, kuma gobe kai za a tuhuma da taɓa lamba. Idan ya bushe, ka kwantar da tocila a jikin bangon ta yadda haske zai bi gefe, ba fuska da fuska ba. Inuwa za ta faɗa cikin ramukan, haruffan da ba ka gani da rana tsaka su taso. Da magariba ko a inuwa abin ya fi fitowa. In bai isa ba, ka shimfiɗa farar takarda marar kauri a kai, ka riƙe ta da kyau, ka kwantar da bakin fensir ka goga a hankali kamar yadda yara ke fito da hoton kwabo. Wannan takardar ka adana ta, shaida ce. Garin alli ko ɗan toka da aka shafa aka share sama-sama shi ma yana zama cikin ramin ya bayyana shi. Sannan ka ɗauki hoto da waya daga kusurwa uku ko huɗu, don abin da ido ya karanta 8 a nan, hoto na iya nuna B ne.

Waɗanda suka fi rikita mutane su ne 5 da S, 8 da B, 2 da Z, 0 da D, 1 da 7. Kada ka yi canki-canka. Ka rubuta duka yiwuwar biyu, tsarin lambar da kansa zai tace maka ɗaya, kamar yadda za ka gani a ƙasa.

Ka ƙirga. Dole su zama goma sha biyu, haruffa da alƙaluma a haɗe, ba tazara, ba karan tsaye a tsakani. Idan ka ga US da ɗan layi a gaba, wannan alamar ƙasa ce, ba ta cikin goma sha biyun. Sai ka raba su gida uku: uku na farko, biyar na tsakiya, huɗu na ƙarshe.

Uku na farko: wane ne ya ƙera

Waɗannan su ne shaidar kamfani, ana ce musu MIC, kuma rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ce ke raba su. Wasu suna kama da sunan kamfanin har ba sai an faɗa maka ba: SER na Sea Ray ne, HUN na Hunter, YAM na Yamaha, KAW na Kawasaki, BWC na Boston Whaler, CTY na Catalina Yachts, BEY na Beneteau. Wasu kuwa ko kusa ba su yi kama ba. Grady-White na garin Greenville a jihar Karolina ta Arewa NTL yake ɗauka. O'Day, masu jiragen filafilan iska, XDY. Mako MRK, Tracker BUJ, tsofaffin baburan ruwa na Sea-Doo ZZN. Saboda haka rashin kamar haruffan da sunan da ke manne a gefen jirgi bai isa a ce an yi algus ba. Sai an bincika.

Binciken kyauta ne. Rundunar tana da rumbun waɗannan haruffa a shafinta na intanet na kiyaye lafiyar masu jiragen ruwa. Ka sa haruffa ukun, ya fito maka da sunan kamfani, adireshinsa, da ko yana raye ko ya rufe. Amma ka karanta har ƙasa. Kamfanonin jiragen ruwa a Amurka suna mutuwa kamar ƙudaje, musamman ƙananan, kuma bayan shekaru ana iya ba wani sabon kamfani haruffan wanda ya mutu. Idan rumbun ya ba ka sunan kamfanin da aka kafa jiya-jiya alhali jirginka na shekarun 1970 ne, ka duba wurin da ake lissafa waɗanda suka riƙe haruffan a baya. Haka nan babban kamfani mai masana'antu da yawa yakan riƙe shaida fiye da ɗaya. Bayliner misali ne, jiragensa ba da haruffa iri ɗaya duka suke farawa ba. Jirgin da aka ƙera a wata ƙasa kuma aka sayar a Amurka yana iya ɗaukar shaidar wanda ya shigo da shi, ba ta maƙerin ba.

Ga wani abu da ya kamata ya sa ka gyara zama: idan harafi na uku Z ne, biyun farko kuma haruffan jiha ne, kamar FLZ, to ba kamfani ne ya ba da lambar ba, hukumar jiha ce. Ana yin haka ga jirgin da mutum ya haɗa a gidansa, ko tsohon da ba shi da lamba, ko wanda tasa ta lalace. Ba laifi ba ne a karan kansa. Sai dai idan jirgi ya yi kama da na kamfani sak, amma yana ɗauke da lambar jiha, akwai labari a bayansa, kuma ya kamata ka ji labarin kafin ka biya. Shekarar da ke cikin irin wannan lamba ma ba lalle ta zama ta ƙira ba.

Biyar na tsakiya

Lambar jeri ce ta kamfanin, kowa da yadda yake tsara tasa. Wasu suna ɓoye samfurin jirgi ko tsawonsa ko masana'antar da ta yi shi a harafi ɗaya ko biyu na farko, sauran kuma su nuna na nawa ne a layi. Babu ƙa'ida ɗaya, sai ka tambayi kamfanin in yana raye, ko ƙungiyoyin masu irin jirgin, waɗanda sau da yawa sun fi kamfanin riƙe tarihi. Abu ɗaya dai tabbas ne a lambobin tsarin yanzu: ba a sa I, O ko Q a wannan gida, don kada su rikice da 1 da 0. In ka ga abu mai kama da O a nan, sifiri ne.

Huɗu na ƙarshe: nan kuɗinka yake

Tsari uku aka yi amfani da su, kuma wanda ya karanta wani da ƙa'idar wani zai yi ɓatan kai na shekaru. Dabarar ita ce ka dubi abu na tara kawai, wato na farko a cikin huɗun nan, shi zai gaya maka tsarin da kake ciki. Lambobin da zan kawo na koyo ne, na sa ABC a madadin kamfani.

Idan huɗun duka alƙaluma ne, tsohon tsari ne mai sauƙi na 1972 zuwa Yulin 1984: biyu wata, biyu shekara. ABC123450676 na nufin Yunin 1976. Biyun farko ba sa wuce 12, biyun ƙarshe kuma suna tsakanin 72 da 84. In ka karanta 1876, ka koma da tocila, babu wata na goma sha takwas. Mai yiwuwa 10 ne.

Idan na tara M ne, shi ma na wancan zamanin ne, amma shekarar samfuri yake nunawa, wato shekarar da kamfani ya laƙaba wa jirgin a kasuwa, ba lalle wadda aka ƙera shi a cikinta ba. Alƙaluma biyun da ke bin M su ne shekarar samfurin, harafin ƙarshe kuma wata. A nan ne tarkon yake, domin watannin ba daga Janairu suke farawa ba. A wancan zamani shekarar masu ƙera jirgi daga Agusta take kamawa, don haka A Agusta ce, B Satumba, C Oktoba, D Nuwamba, E Disamba, F Janairu, G Fabrairu, H Maris, I Afrilu, J Mayu, K Yuni, L Yuli. Jirgin can na Legas mai M79H ka ga inda na samo Maris ɗin 1979. Amma da M79C ne, to an yi shi ne a Oktoban 1978, aka sayar da shi a matsayin samfurin 1979. Wato daga A zuwa E ka rage shekara ɗaya, daga F zuwa L ka bar ta yadda take.

Idan na tara harafi ne tsakanin A da L, sauran ukun kuma alƙaluma, sabon tsari ne wanda ya zama dole daga 1 ga Agusta 1984, kuma shi ake bi har yau. A nan watannin sun dawo yadda kowa ya sani: A Janairu, B Fabrairu, C Maris, har L Disamba. Alƙalami na goma shi ne ƙarshen shekarar da aka ƙera, biyun ƙarshe kuma shekarar samfuri. ABC12345D494 Afrilun 1994 ne, samfurin 1994. ABC12345H495 Agustan 1994 ne, samfurin 1995. J900 kuwa Oktoban 1999 ne, samfurin 2000; na ga wanda ya karanta wannan a matsayin 1990, ya kusa barin jirgi mai kyau ya wuce shi. Kullum ka fara da biyun ƙarshe, sannan ka nemi shekara mafi kusa da ta ƙare da alƙalami na goma.

Wannan ya ba ka ma'aunin gwada gaskiyar lamba ba tare da tambayar kowa ba. A ƙa'ida, alƙalami na goma ko dai ya yi daidai da ƙarshen shekarar samfuri, ko ya gaza shi da ɗaya. D288 ba ta zauna ba, don babu wanda zai ƙera jirgi a 1982 ya kira shi samfurin 1988. Ko dai 8 ce ka karanta 2, ko wani ya yi wasa da wurin. Jiragen 1984 kuma sai a yi musu uzuri, tun da a farkon wannan shekara an yarda kamfani ya bi tsoho ko sabo.

Watan da ke jikin lamba ba ranar da aka gama jirgin ba ne dole. Doka ta ba kamfani damar sa kowane lokaci daga fara haɗa shi zuwa ranar da ya bar masana'anta. Ga ƙaramin jirgi bambancin kwanaki ne, ga babba yana iya kai watanni.

Wani zai ce mene ne abin damuwa da shekara in dai jirgi yana kan ruwa? Faiba ba ta ruɓewa, gaskiya ne, amma yawancin tsofaffin jiragen faiba katakon filawud ne a cikin bangonsu na baya da ƙasan daɓensu, kuma shi yana ruɓewa shiru ba ka gani. Bangon da ya sha ruwa shekara arba'in, ka rataya masa inji mai doki ɗari da hamsin, ranar da zai ba ka amsa a tsakiyar kogi ne. Sannan ƙa'idar da ta tilasta ƙananan jirage masu injin rataye, waɗanda ba su kai ƙafa ashirin ba, su ci gaba da yawo a miƙe ko sun cika da ruwa, sai a Agustan 1978 ta fara aiki. Ga wanda zai ɗauki mutane, jirgin 1976 da na 1980 ba ɗaya ba ne ko da sun yi kama. Kayan gyara ma da shekara ake nemansu, kuma da shaidar kamfani da shekarar za ka iya duba ko an taɓa kiran samfurin a dawo da shi saboda wani aibi. Rundunar tana ajiye wannan jerin a shafi guda da na haruffan.

Lamba ta biyu, wadda ɓarawo ba ya so ka sani

Daga Agustan 1984 kowane jirgi yana da kwafin lambarsa a wani ɓoyayyen wuri a ciki, ko ƙarƙashin wani ƙarfe da aka ɗaure. Kamfanoni ba sa shelar wurin, amma a gwada ƙarƙashin leɓen gefen jirgi, cikin akwatin anga, ƙarƙashin kujerar matuƙi, bayan allon sitiyari, ko cikin ɗakin inji. Ka kwanta da tocila da ɗan madubi. In ka same ta ta yi daidai da ta waje, hankalinka ya kwanta. In ta saɓa, ciniki ya ƙare a nan, ko nawa aka rage maka. Cire wannan lamba ko canza ta laifi ne a dokar tarayyar Amurka, kuma mai gaskiya ba ya da dalilin yi.

Ko ba ka sami ta ciki ba, ta waje tana tona asirin kanta. Ka shafa wurin da yatsa: ya kumbura ko ya lotsa fiye da kewayensa? Launin fatar a kusurwar ya bambanta da sauran bangon? Haruffan girmansu ɗaya, zurfinsu ɗaya, a layi ɗaya suke? Allon ƙarfe sabo ƙal a jikin jirgin da komai nasa ya tsufa, ko ramukan tsofaffin ƙusoshi a gefen sababbi, duk abin tambaya ne. Wani lokaci amsar mai sauƙi ce, an sake bangon baya gaba ɗaya saboda ruɓa aka mayar da lambar. To sai a nuna maka takardar aikin. Ka kuma tuna cewa bayan kowace babbar guguwa a Amurka, irin Katrina ta 2005 ko Sandy ta 2012 ko Ian ta 2022, kamfanonin inshora suna gwanjon jiragen da suka nutse ko suka faɗa kan tudu, wasunsu kuma a gyara su sama-sama a tura ƙetare. Akwai kamfanonin da ke sayar da rahoton tarihin jirgi da wannan lamba, kamar yadda ake yi wa mota. Sai dai rahoton ba ya kama komai. Ko rubuta lambar kawai a manhajar bincike yakan fito da tsohuwar tallar gwanjo da hotunan jirgin kwance cikin laka.

Kusa da sitiyari ko a cikin bangon baya akwai wani ɗan allo a jiragen da ba su kai ƙafa ashirin ba, mai nuna yawan mutane, nauyi, da iyakar ƙarfin inji. Sau da yawa yana ɗauke da sunan kamfani da samfuri. Ka gwada shi da abin da haruffa ukun suka faɗa.

Na Turai

Tarayyar Turai ta tilasta tata lambar daga 16 ga Yuni 1998. Kusan tsarin Amurka na 1984 ne aka ɗauka aka ƙara haruffa biyu na ƙasa a gaba, suka zama goma sha huɗu: FR Faransa, GB Birtaniya, IT Italiya, NL Holan, DE Jamus. Ka rufe biyun farko da yatsa ka karanta sauran yadda muka yi a sama. Abin lura kawai shi ne kowace ƙasa ita ke raba wa kamfanoninta haruffa uku, don haka kada ka nemi na Italiya a rumbun Amurka ka ce ba ka gani ba. Jirgin Turai da ya girmi 1998 yana iya zuwa ba shi da komai sai ɗan allon maƙeri, sai fa in an taɓa sayar da shi a Amurka.

Wanda ya girmi 1972

Nan babu doka, kowane kamfani da al'adarsa, aikin ya koma na bin sawu. Boston Whaler, wanda Dick Fisher ya kafa a 1958, da fenti yake buga lambar jerinsa a cikin jirgi wajen bangon baya, kuma masu sha'awar jiragen sun tattara jerin da ke nuna wace lamba ta faɗa wace shekara. Masu jiragen Chris-Craft na katako suna buga tasu a jikin katakon kansa, a kan gungumen da inji ke zaune ko ƙarƙashin murfin ɗakin inji, kuma takardun masana'antar suna ajiye a gidan tarihin jiragen ruwa na Mariners' Museum da ke Newport News a jihar Bajiniya, inda da lambar za a iya zaƙulo katin jirgin na asali. Ga sauran, ka nemi allon maƙeri, ka duba ƙarƙashin kujeru da bayan durowa inda ma'aikata kan rubuta lambar jirgi da fensir don kada kayan wani su shiga na wani, sannan ka gwada siffar gilashin gaba da ta fitilu da tsofaffin kundayen talla. Da wuya ka gano watan da aka ƙera shi, amma za ka iya matse shekarar cikin biyu ko uku.

Kada ka auna jirgi da injinsa

Injin rataye ana sauya shi kamar taya. Sabon inji a tsohon jirgi shi ne dabarar da ta fi cin mutane, don ido yana tafiya wurin inji. Lambarsa daban take, a ɗan allo jikin maƙalar da ke riƙe shi da bango. Tsofaffin injinan Johnson da Evinrude daga 1980 suna ɓoye shekara cikin kalmar INTRODUCES, kowane harafi da alƙalaminsa bi da bi: I ɗaya, N biyu, T uku, R huɗu, O biyar, D shida, U bakwai, C takwas, E tara, S sifiri. Ka ajiye harafin ƙarshe na lambar samfurin gefe, ka karanta biyun da ke gabansa: CR 1984 ne, ET 1993, EE 1999. Kamfanin da ke yin su ya durƙushe a ƙarshen 2000, kamfanin Bombardier ya saye sunayen, a 2020 kuma aka daina ƙera Evinrude gaba ɗaya, abin da ya kamata mai neman kayan gyara a nan ya sa a lissafi. Inda inji ke taimakawa shi ne idan shi ne na asali: injin 1984 a jirgin da aka ce na 1997 ne, ruwa ba ya tsami banza.

Kafin kuɗi su bar hannunka

Idan jirgin yana ƙetare, ba a cinikin biri a sama; ka sa a turo maka hoton lambar a jikin bangon, da wani hoton daga nesa da ke nuna kusurwar da jirgin gaba ɗaya, ba lambar da aka buga a saƙo ba. Idan yana gabanka, ka ɗora takardar fensirin nan kusa da takardar mallaka, da takardar lodin jirgin dakon kaya, da ta kwastan, ka bi su harafi-harafi da yatsa, mutum biyu, ɗaya na karantawa ɗaya na dubawa. Kuskuren magatakarda yana faruwa, amma a gyara shi kafin biya, don bayan biya naka ne. A rubuta duka goma sha biyun a rasit da yarjejeniyar ciniki, tare da lambar inji a layi daban, shaidu su sa hannu. Da waɗannan za ka je rajista wurin hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ko hukumar jiharka in tana da tata.

Jirgin can na Legas dai aminina bai fasa saye ba. Mun ƙwanƙwasa bangon bayan da ƙotar sukundireba, ƙasansa ya yi ƙarar kwakwar da ta lalace, muka kira mai aikin faiba ya yi kuɗin sake shi. Dillalin ya yi ta rantse-rantse, daga baya ya sauko, aka cire kuɗin gyaran da na shekara goma sha takwas ɗin daga farashi, aka rubuta 1979 a rasit.